Hutu a Kan Tsauni: Shawara ga Matasa Kafin Su Ɗaura Jaka

A watan Afrilu, idan bazara ta kai maƙura, zafi a Sakkwato da Kano da Maiduguri kan haura digiri 40. Fanka na hura iska mai ɗumi, ruwan randa ya daina kashe ƙishirwa, barci a cikin ɗaki ya gagara. A irin wannan lokaci ne hotunan tudun Mambila da na Jos suke yawo a wayoyin matasa: tuddai kore shar, hazo ya sauko har kan ciyawa, ga mutum sanye da rigar sanyi da rana tsaka. Kafin a ankara abokai sun fara haɗa kuɗi, ɗalibai suna neman motar haya, amarya da ango suna lissafin inda za su yi makonsu na farko.

Wannan sha'awa abar yabo ce. Matashin da ya yi marmarin ganin wani sashe na ƙasarsa ya fi wanda bai san kome ba bayan unguwarsu. Sai dai tsauni yana da sharuɗɗansa, kuma hoto ba ya nuna su. Hoto ba ya nuna tsinin kwanar da ke kan hanya, ko sanyin asuba, ko rafin da ke cika cikin ƙiftawar ido, ko mutanen da wurin ya kasance gidansu tun kaka da kakanni. Wanda ya san waɗannan kafin ya tashi shi ne ke dawowa da lafiya, da ilimi, da abokai.

Dalilin sanyin a fili yake. Duk sa'ad da mutum ya hau sama da mita 1,000, zafin iska kan ragu da kimanin digiri 6 da rabi. Birnin Kano bai kai mita 500 daga doron teku ba, Jos kuwa ta haura mita 1,200, tudun Mambila kuma yana wajen mita 1,600. Ga shi kuma tsaunuka na tare iskar da ke ɗauke da danshi, su tilasta mata hawa sama har ta zama girgije, shi ya sa ruwan sama ya fi yawa a can, damina ta fi tsawo, ciyawa ta daɗe ba ta bushe ba.

Gudun zafi zuwa kan dutse daɗaɗɗiyar al'ada ce. Mutanen Makka sun daɗe suna hawa Ɗa'if idan zafi ya tsananta, kuma alhazai da masu Umara da suka leƙa can sun ga lambunan inabi da rumman da fure. Turawan Ingila da suka mallaki Indiya su ma sun gina garuruwan hutu a kan duwatsu. A 1864 suka mayar da Shimla, mai tsayin kusan mita 2,200, mazaunin gwamnati na lokacin zafi, ta yadda kowace shekara ake kwashe manyan ma'aikata da takardunsu daga Kalkata zuwa can. A 1903 aka kammala siririn layin dogon da ya haɗa Shimla da garin Kalka. Tuddan da masu kallon finafinan Indiya suka saba gani ana rawa a kansu, da yawansu irin waɗannan garuruwa ne da kwaruruwan Kashmir.

A Nijeriya Jos ce ta samu wannan matsayi. Kuza ce ta fara jawo Turawa can a farkon ƙarni na 20, kuma a 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya isa yankin domin kwasar ta. Da suka ɗanɗana sanyin wurin sai suka mayar da shi wurin hutawar ma'aikatan da zafin wasu larduna ya galabaitar. Aka gina otal ɗin Hill Station, 'yan mishan kuma suka kafa gidan hutu a Miyango. Dubban leburorin da suka tona ramukan kuzar, waɗanda Hausawa na da yawa a cikinsu, ba hutu ne ya kai su ba. Jikokinsu a yau suna da damar zuwa su ga wurin da idon mai ziyara, kuma ya dace su je da sanin wannan tarihi.

Ga wanda bai taɓa irin wannan tafiya ba, Jos ce ta fi dacewa da fari. Daga Kano ko Kaduna ko Bauchi tafiyar 'yan sa'o'i ce, akwai masauki na kowane aljihu, kuma ana jin Hausa a ko'ina. Akwai duwatsun Shere da suka haura mita 1,800, da duwatsun Riyom da suka ɗare kan juna, da magangarar ruwa ta Assop a kan hanyar Abuja. Gidan tarihin Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, yana ajiye da kawunan yumɓu na Nok da suka haura shekara 2,000, waɗanda aka fara cin karo da su a wuraren haƙar kuza. Kusa da shi akwai filin da aka kwaikwayi gine-ginen gargajiya, har da ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya. A kasuwar Farin Gada kuma mutum zai ga inda kabeji da karas da dankalin turawan da ake ci a biranen Arewa suke fitowa.

Mambila ita ce babbar tafiya. Tana cikin Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, hedikwatarta Gembu, daf da iyakar Kamaru. Daga Jalingo ana bi ta Bali da Serti har zuwa Mayo Selbe, inda hawan yake farawa. Daga nan hanya ta naɗe jikin dutse kamar gammo, a gefe guda bango, a ɗaya gefen rami mai zurfi, har mota ta ɓulla kan tudu ta wuce Maisamari da Nguroje kafin ta shiga Gembu. Daga Jalingo kaɗai tafiyar wuni ce cur, don haka wanda ya taso daga Kano ko Katsina ya ƙudurta kwana a hanya.

Abin da ke saman ya cancanci wahalar. Tuddai ne masu laushin gani, ɗaya bayan ɗaya har iyakar ido, an yi musu ado da layukan bishiyar turare da garken shanu masu ƙiba, domin tsandon da ke addabar dabbobi a ƙasa ba ya jure wannan tsayi. A Kakara akwai gonar ganyen shayi inda ake sarrafa Highland Tea, kuma matashin da kullum yake zama teburin mai shayi zai so ya ga yadda ake tsinkar toho da hannu. Ana noman masara da gwaza da ayaba da fiya da kofi. Kusa da ƙauyen Yelwa akwai dajin Ngel Nyaki, ɗaya daga cikin ragowar kurmin kan tudu da ya saura a Nijeriya, mai birai masu kama da mutum da tsuntsayen da ba a ganin su a wasu sassa, kuma akwai cibiyar bincike da ɗaliban jami'o'i ke zuwa koyon aiki. A gefen tudun kuma gandun dajin Gashaka-Gumti yake, mafi girma a ƙasar, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 6,000, wanda aka kafa a 1991 da hedikwata a Serti. A cikinsa ne Chappal Waddi yake, dutse mafi tsayi a Nijeriya, mai mita 2,419. Hawansa tafiyar ƙasa ce ta kwanaki, sai da izinin hukumar gandun da jagora.

Sunan ƙaramar hukumar ma darasi ne. Wannan yanki ya taɓa zama ƙarƙashin Jamus a matsayin ɓangaren Kamaru, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koma hannun Ingila, sannan a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 mutanen Arewacin Kamaru ta Ingila suka zaɓi shiga Nijeriya. Aka raɗa wa lardin suna Sardauna domin girmama Sa Ahmadu Bello.

Akwai sauran wurare. Obudu a Jihar Kuros Riba ta fara ne a matsayin gandun kiwon shanu a 1951, tsayinta ya haura mita 1,500, kuma ana hawanta ta hanya mai kilomita 11 da kwana fiye da 20. A 2005 aka ƙara mata motar igiya mai tafiya a sama, amma mai zuwa ya fara bincikawa ko tana aiki. Sukur a Madagali ta Jihar Adamawa, mai gonakin matakala da hanyoyin da aka shimfiɗe da dutse da fadar sarkinta da ake kira Hidi, ita ce wuri na farko a Nijeriya da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya, a 1999. A Nijar kuma akwai duwatsun Azbin a arewacin Agadas, inda Bagzam ya haura mita 2,000, lambunan Timiya kuma ke ba da lemo da rumman da dabino a tsakiyar hamada. Sukur da Azbin duk suna cikin yankunan da rashin tsaro ya taɓa, saboda haka ba a nufar su sai da cikakken bayani daga hukuma da mutanen gari.

To, yaushe ya kamata a tashi? A Mambila ruwa kan fara tun Maris ko Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba ko Nuwamba. A tsakiyar damina wurin ya fi kyan gani, amma lokacin ne hanyoyin ƙauye ke zama taɓo, ƙasa na iya zaftarewa, gadoji su lalace. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu hanya ta fi aminci, sai dai dare ya fi sanyi, ƙurar hunturu kuma kan rage nisan gani. Wanda ke son kore da busasshiyar hanya a lokaci guda ya nufi makonnin farko bayan ɗaukewar ruwa.

Hatsari mafi girma a wannan tafiya yana kan kwalta ne. Mota mai lodin da ya wuce ƙima tana wahala a hawa, lagireto ya tafasa, inji ya mutu a tsakiyar kwana. Gangara ta fi hawa haɗari. Direban da ya danne birki tun daga sama har ƙasa zai sa ya ɗau zafi ya daina ci, wanda kuma ya saki mota a firi don tsimin mai ya sa ran kowa a kasada. Ƙa'idar ita ce a sauko da ƙaramar giya, inji ya riƙe motar, birki ya zama mataimaki. Matasan da suka yi shatar mota su nemi direban da ya saba da hanyar, su duba taya da safaya da birki da fitilu, su tsara tafiyar yadda za su hau dutsen da rana. Idan hazo ya rufe hanya, a samu fili a faka har ya washe. Fasinja na da haƙƙin cewa direba ya rage gudu, kuma jin kunya a nan ba shi da amfani.

Sai sanyi. Wanda ya girma a Gusau ko Nguru yana ganin ya san hunturu, amma sanyin kan tudu yana zuwa da danshi da iska. A Jos, daren Disamba da Janairu kan sauka zuwa digiri 10 ko ƙasa da haka. Jiƙaƙƙen kaya a jiki yana zuƙe ɗumi da sauri, har mutum ya fara karkarwa, magana ta sarƙe, tunani ya rikice. Maganinsa riguna biyu ko uku da za a iya ƙarawa ko ragewa, da rigar ruwa, da hula mai rufe kunne, da safa, da takalmi sau-ciki mai riƙe ƙasa. Silifa da takalmin gayu su zauna a masauki. Mai asma ko sikila ya ga likita kafin ya tashi, ya riƙe maganinsa a jikinsa, domin sanyi da gajiya da ƙarancin ruwa a jiki na iya tayar da ciwon, ga asibiti da nisa. Sauro bai ƙare ba don an hau dutse, balle a garuruwan da ake kwana a hanya, saboda haka gidan sauro na cikin kayan tafiya.

Akwai kuskure guda da ya kamata kowane matashi ya haddace. Idan sanyi ya matsa, wasu kan shigar da kaskon gawayi ɗaki su rufe ƙofa da taga su kwanta. Garwashi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana sa ciwon kai da kasala, mai barci kuma ya zarce bai farka ba. Janareta a cikin ɗaki ko a bakin taga ma haka yake. A ji ɗumi a waje, a kashe wutar, a ƙara bargo.

Kwari shi ma yana da nasa hali. Ruwan da ya sauka a kan tudun da ba a gani daga ƙasa yana taruwa ya gangaro gaba ɗaya, sai rafin da ake tsallakawa da ƙafa da safe ya zama kogi mai jan itatuwa da yamma, alhali ko ɗigo bai sauka a wurin ba. A watan Yunin 2013 irin wannan ambaliya ta afka wa kwarin Kedarnath a arewacin Indiya, ta halaka dubban mutane, yawancinsu baƙi masu ziyara. A Azbin ma busasshen rafi kan cika farat ɗaya. Don haka ba a kafa tanti ko a faka mota a cikin kwari, kuma idan ruwan rafi ya fara yin ja yana ɗauko ganye da ƙirare, a hau tudu nan take. A kewayen Jos akwai ɗaruruwan tafkunan da haƙar kuza ta bari. Samansu a kwance yake lumui, amma zurfinsu na farawa ne tun daga baki, ruwan kuma da sanyi, kuma sun ci rayukan matasa da dama. Wanda bai iya iyo ba kada ya shiga, wanda ya iya ma ya tambayi 'yan gari. Duwatsun bakin magangarar ruwa suna da gansakuka mai santsi, kuma babu hoton da ya kai a tsaya a bakin rami saboda shi. Idan hadari ya haɗu ana walƙiya, a bar ƙololuwar tudu da gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai.

Maganar tsaro ba a ɓoye ta. Jos ta sha rikici a 2001 da 2008 da 2010, wasu ƙauyukan Filato har yanzu suna fama da hare-hare, Mambila kuma ta ga mummunan tashin hankali a kan filaye a 2017. Wannan bai hana mutane miliyoyi zama da kasuwanci a waɗannan wurare kullum ba, amma yana wajabta wa baƙo ya yi tambaya. Kafin a tashi a kira wani mazaunin garin, a ji halin da hanya take ciki a wannan makon. A riƙe katin shaida, domin shingayen jami'ai na da yawa kusa da iyaka. A guji tafiyar dare, a guji muhawarar addini da ƙabila a tasha ko wurin mai shayi, a kuma daina sanar da duniya a intanet masaukin da aka sauka tun ana cikinsa. Iyaye su san hanyar da za a bi, da sunan abokan tafiya, da ranar dawowa. Neman izininsu da addu'arsu shi ne shiri na farko.

Kuɗi ma sai da tsari. A wurare da dama a kan tudu sabis na ɗaukewa, don haka dogaro da tura kuɗi ta waya kaɗai na iya barin mutum a tsaye. A riƙe tsaba daidai gwargwado, a ware kuɗin komawa gida a wani aljihu dabam, a ƙara da wani abu na ko-ta-kwana. Idan tafiyar ƙungiya ce, a naɗa ma'aji a rubuta duk abin da aka kashe, domin abota da yawa ta lalace a kan lissafin mai da masauki. Cin bashi don zuwa hutu kuwa ba dabara ba ce. Adashin wata shida ya wadatar.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne mu'amala da masu wurin. Tudun da baƙo ke kira wurin shaƙatawa gonar wani ne, makiyayar wani ce, maƙabartar kakannin wani ce. A Mambila akwai Mambilawa da Fulani da Kaka da Hausawa da wasu al'ummomi, kuma Fulatanci ne harshen kasuwa a wurare da yawa. A Filato akwai Birom da Afizere da Anaguta da Angas da sauransu da dama. Baƙon kirki yana fara da sallama, ya kai gaisuwa wurin mai unguwa ko jauro idan ƙauye ya shiga, ya koyi gaisuwa ko da kalma biyu ce da harshen mutanen. Ba ya ɗaukar hoton mata ko yara ko cikin gida sai da izini. Ba ya tambayar makiyayi yawan shanunsa, ba ya ratsa shuka don neman wurin tsayawa, ba ya hawa dutsen da aka ce masa na al'ada ne. Yana ɗaukar ɗan gari a matsayin jagora ya biya shi haƙƙinsa ba tare da ƙwauro ba, yana sayen abinci da tsaraba a hannun masu noma su. Ledar ruwa da robar lemo da ya zo da su, da su zai koma, domin saniyar da ta haɗiye leda asarar mai ita ce. Guntun sigari ko wutar gashi da aka bari a busasshiyar ciyawa kuma na iya cinye tudu guda.

Hutu ba ya ɗauke ibada. Musulmi matafiyi yana da sauƙin ƙasaru, sai ya koyi hukuncinta kafin ya tashi, ya kuma lura da lokutan salla ko da hazo ya ɓoye rana. A Suratul Gashiya an ja hankalin mutane su dubi yadda aka kafa duwatsu, kuma wanda ya tsaya a bakin tudun Mambila da hantsi yana kallon girgije a ƙarƙashinsa zai gane dalilin wannan kira.

Matashi ya tafi da littafin rubutu da tambayoyi. Ɗalibin aikin gona ya tambayi manomin Filato yadda yake adana irin dankali da yadda yake noman acca a ƙasa mai tsakuwa. Mai karatun injiniya ya dubi yadda aka yanka hanya a jikin dutse da inda ruwa ke cin ta. Mai sha'awar kasuwanci ya lissafa abin da kwandon fiya ke ci daga Gembu zuwa kasuwar 'Yan Lemo a Kano, da yawan wanda ke lalacewa a hanya. Daga irin waɗannan tambayoyi ne sana'a da bincike ke fitowa.

Saboda haka masu niyyar hawa a hunturu mai zuwa su fara shiri tun yanzu. Su zaɓi wuri guda, su karanta tarihinsa, su samu mutumin gari da za su riƙa tuntuɓa, su fara tara kuɗi, su sanar da iyayensu. Wanda wannan ce fitarsa ta farko ya fara da Jos, idan ya ga yadda jikinsa da aljihunsa suka ɗauki tafiyar, shekara ta gaba ya nufi Gembu.